Jini da Rai a Allon Wasa: Sharhi a kan Ma'aunin Lafiya cikin Wasannin Bidiyo a Ƙasar Babura

1. Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta ƙofar ɗaya daga cikin ɗakunan nan da yara suke kira gidan gem, a Babura ko Kazaure ko wani gari na wannan yanki, da wuya ya wuce bai ji an ce, "Jininka ya kusa ƙarewa!" ba. In baƙo ne ga sha'anin, sai gabansa ya faɗi, ya leƙa ya ga ko wani ne ya yanke. Abin da zai tarar kuwa shi ne samari jere bisa benci, biyu suna riƙe da madanni, sauran sun zuba wa talabijin ido. Jinin da ake magana a kansa wani ɗan layi ne mai launi a saman allo, wanda yake raguwa duk sa'ad da aka doki mutumin da ɗan wasa yake sarrafawa. In layin ya ƙare, wasa ya ƙare.

Nufin wannan muƙala shi ne a duba wannan ɗan layi da 'yan'uwansa, watau dabarun da masu ƙago wasannin bidiyo suke bi domin su nuna wa ɗan wasa sauran lafiyar jaruminsa, sa'an nan a auna yadda waɗannan dabaru suke sa mutum ya so wani wasa ya ƙi wani. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, siffar ma'aunin ita take yanke yawan mutanen da za su iya karanta wasa: ko mai riƙe da madanni shi kaɗai, ko shi da dukan taron da yake bayansa. Tun da yake a ƙasarmu wasa abin taro ne, hukuncin da masu sharhi na ƙasashen Turai da Amurka suka yanke game da wanne ma'auni ya fi kyau ba lalle ne ya zauna daidai a Babura ba.

2. Asalin Ma'auni

Wasannin farko ba su san ciwo ba, sai rai da mutuwa. A cikin Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980, taɓawa ɗaya ita ce ajali, sai dai ana ba ɗan wasa rayuka, galibi uku, a jera hotunansu a ƙasan allo. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan wasanni cikin manyan akwatuna suke, a shaguna, kuma sai an jefa kwabo suke tashi. Mai akwati yana son a mutu da wuri domin a sake jefawa, amma ba da wurin da zai sa a yi zuciya a tafi ba.

Tunanin cewa lafiya aba ce da ake ƙidayawa, tana raguwa kaɗan-kaɗan, ya yaɗu ne daga wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, inda kowane jarumi yake da adadin dukan da zai iya jurewa. A tsakiyar shekarun 1980 masu ƙago wasa, musamman a Japan, suka mai da wannan adadi hoto. The Legend of Zelda na 1986 ya jera jajayen zukata, ya fara da uku, in sun kusa ƙarewa kuma sai wata ƙara ta tashi ta dami kunne har sai an sami magani. Gauntlet na kamfanin Atari, na 1985, shi ya fito da cinikin fili: lafiyar jarumi lamba ce da take zurarewa ko da ba a taɓa shi ba, in an ƙara kwabo ta ƙaru. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

A 1991, shekarar da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, kamfanin Capcom ya fitar da Street Fighter II, wanda ya kafa siffar da yaranmu suka fi sani: layi biyu a saman allo, ɗaya na kowane ɗan faɗa, agogo a tsakaninsu yana ƙirga daga 99 zuwa ƙasa. Wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ya yi nasara, in lokaci ya cika ba a ka da kowa ba, sai a ba wanda layinsa ya fi tsawo. Mortal Kombat na 1992 da jerin wasannin Tekken duk wannan hanya suka bi.

3. Iri Uku

Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Chalmers ta ƙasar Suwidin, Erik Fagerholt da Magnus Lorentzon, sun rubuta kundi a 2009 inda suka kasa alamomin allon wasa kashi-kashi. Domin bukatarmu a nan kashi uku sun isa, gwargwadon inda aka ajiye labarin lafiyar.

Na farko shi ne wanda aka ajiye a gefen allo, kamar layi, ko lamba, ko jerin zukata. Jarumin da yake cikin wasa ba ya ganinsa, mai wasa da 'yan kallo su suke gani. Misalinsa jan layin Grand Theft Auto: San Andreas na 2004, da koren layin God of War na 2005.

Na biyu shi ne wanda aka ɗora a jikin jarumin. A Super Mario Bros. na 1985, babban Mario in an taɓa shi sai ya koma ƙarami, ƙaramin in an taɓa shi ya mutu. A Ghosts 'n Goblins na wannan shekara, bugun farko sulken jarumi yake tuɓewa, ya bar shi da ɗan kamfai. A Sonic the Hedgehog na 1991, zobban da ya tara su suke warwatsewa, kuma muddin yana riƙe da ko guda ɗaya ba zai mutu da bugun maƙiyi ba. A Resident Evil 2 na 1998, mutum yana dafe ciki, in abin ya yi tsanani ya riƙa ɗingishi. Dead Space na 2008 ya ɗauki layin nan dai ya dasa shi a gadon bayan rigar jarumin, yana haske.

Na uku shi ne wanda aka zuba a idon mai wasa. Call of Duty 2 na 2005 ya kawar da layi ɗungurungum. In an harbi soja sai gefen allo ya yi ja, numfashi ya yi nauyi, in ya sami maɓoya na ɗan lokaci sai ya warke da kansa. Wasannin harbi da yawa sun bi sawunsa.

Akwai kuma masu haɗawa. Doom na 1993 yana nuna lamba daga ɗari zuwa ƙasa, sa'an nan a tsakiya ga fuskar sojan, tana ƙara jina-jina gwargwadon wuyar da ya sha. Labarin zuciya a tambayi fuska. Mai sauri ya dubi fuskar, mai lissafi ya dubi lambar.

Yawancin masu sharhi na waje sun karkata ga iri na biyu da na uku. Hujjarsu ita ce layi a gefen allo yana tuna wa mutum cewa wasa yake yi, yana raba idonsa biyu, alhali in an ɓoye shi sai mutum ya nutse cikin labarin, ya ji kamar shi ne a ciki. Wannan hujja tana da ƙarfi, ba mu musanta ta ba. Wanda ya taɓa jan jarumi mai ɗingishi cikin duhun Resident Evil, bai san takamaimai cizo nawa ya rage masa ba, ya san tsoron da rashin sani yake haifarwa. Amma fa hujjar ta ɗauka cewa ɗan wasa mutum ɗaya ne, a ɗakinsa, da na'urarsa, da wutar da ba ta ɗaukewa, ba wanda yake jiran ya tashi.

4. Ɗakin Wasa a Ƙasarmu

Babura gari ne na kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, a masarautar Ringim, kuma a nan, kamar a sauran garuruwa irinsa, yaro bai cika haɗuwa da PlayStation a gidan ubansa ba. A shagon wani yake ganinta, inda talabijin ɗaya ko biyu suke, janareta yana ruri a waje, masu jiran layi sun fi masu wasa yawa. Ana biya ne a kan kowane wasa, sau da yawa kuma al'ada ita ce wanda aka ci shi zai biya, ko ya miƙa madanni ga na gaba. Waɗannan sharuɗɗa uku, watau taro, da kuɗi, da ƙurewar lokaci, su suke sa layin jini ya yi aikin da mai ƙago shi a Osaka ko Shikago mai yiwuwa bai yi zato ba.

Aikinsa na farko shaida ne. Inda kuɗi ya shiga, gardama ba ta nisa. Layi biyu a saman allo suna gaban kowa, wanda yake bakin ƙofa ma yana hange. Ba mai cewa an cuce shi a lissafi, gani ya kori ji. In janareta ya mutu ana tsakar turmi, abin da za a fara tambaya shi ne, "Jinin wa ya fi yawa?" Da amsar nan ake sasanta wa zai biya.

Aikinsa na biyu shi ne shigar da ɗan kallo cikin wasa. Yaron da ba shi da ko sisi, wanda ya zo kallo kawai, yana iya bin faɗan daga farko har ƙarshe ba tare da ya san sunan bugu ko ɗaya ba, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Shi zai yi ihu in layi ya kusa ƙarewa, shi zai yi wa wanda aka ci ba a taɓa jinin abokin karawarsa ba dariya. Mortal Kombat ma ya tanadi wata sanarwa ta musamman ga wanda ya ci turmi da cikakken layi, wadda ba ta da wani amfani sai tsokana da kirari a gaban jama'a.

Aikinsa na uku shi ne gaya wa mai jira sauran lokacinsa. Wasa mai layi da agogo yana da iyaka sananniya. Wasan da jarumi yake laɓewa bayan bango ya warke, ya sake fitowa, ba a san ranar ƙarewarsa ba, mai shago kuwa ba ya son wasan da mutum ɗaya zai riƙe madanni har man janareta ya ƙone.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da wasannin ƙwallon ƙafa da na faɗan mutum biyu su suka fi zama a irin waɗannan ɗakuna. Ba mu ce ma'auni shi kaɗai ya jawo haka ba. Son ƙwallo ya riga na'ura zuwa, kuma wasan mutum biyu yana kawo wa mai shago kuɗin mutum biyu. Amma ko a cikin ƙwallon ma, a lura da abin da ake yi kafin a take leda. A wasan Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, wanda aka sake wa suna eFootball a 2021, kowane ɗan ƙwallo yana da 'yar kibiya a gefen sunansa, mai duban sama tana nuna yana cikin ƙoshin lafiya a ranar, mai duban ƙasa tana nuna jikinsa ya mutu. Samari sukan ɓata lokaci mai tsawo suna sauya 'yan wasa saboda kibiyoyin nan, har wani ya ajiye gwaninsa a benci, wasu kuma su dage sai an daidaita kibiyoyin ɓangarorin biyu tukuna domin kada wanda aka ci ya sami abin fakewa. Wannan ma ma'aunin lafiya ne, kuma a gaban shaidu ake karanta shi.

Zuwan wayar hannu ya raba allon, kowa da nasa, amma bai kashe wannan bukata ba. A Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018, ban da ma'aunin mutum na kansa, ana jera masa na abokan ƙungiyarsa a gefe, in an ka da ɗaya kuma sai ya riƙa rarrafe yana jiran a zo a tashe shi. Taron da yake bisa benci a da, yanzu ya koma cikin wasan, kuma har yanzu jinin juna suke kallo.

5. Dara da Dambe

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan rabuwa tsakanin ma'auni na fili da na ɓoye baƙuwa ce ga Bahaushe. Tana nan cikin wasanninmu biyu tun kafin a san lantarki.

Dara ita ce uwar layin jini. Gida talatin ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa goma sha biyu. Duk wanda ya jera uku sai ya ci ɗaya na abokin karawarsa, ya ajiye a gefe. Wanda ya iso gindin bishiya ana tsakar wasa ba ya bukatar tambaya, ya dubi abin da aka ci, ya dubi abin da ya rage, ya san inda aka kwana. Ƙarfi yana raguwa ɗaya bayan ɗaya, a fili, kuma 'yan kallo suna tsoma baki ko ba a gayyace su ba.

Dambe kuwa akasin haka ne. Ana yin turmi uku, amma ba a tara maki irin na damben Turawa. Abin nema shi ne kisa, watau a kai mutum ƙasa, kuma bugu ɗaya yana iya yin sa a kowane lokaci. Ɗan damben da ya sha wuya turmi biyu yana iya kashe abokin karawarsa a na uku, in kuma ba wanda ya faɗi sai a ce babu kisa, a raba. Ba layi, ba lamba. Duk da haka 'yan kallo ba a duhu suke ba. Suna karanta ƙafa in ta fara rawa, da hannun tsaro in ya fara sauka, da ido, da numfashi. Sa'an nan ga makaɗa da kalangu suna zuga, suna ɗaga wanda ya yi sanyi, irin aikin da Ɗan Anace ya shahara da shi a kan Shago. A dambe jiki shi ne ma'auni, kiɗa kuma shi ne mai fassara shi ga taro.

An yi wasannin bidiyo a kan wannan tafarki. Bushido Blade na 1997 ya jefar da layi da agogo, sara ɗaya na takobi yana iya gama faɗa, sara a hannu ko ƙafa kuma ya naƙasa gaɓar. Fight Night Round 3 na 2006, a sababbin na'urorin lokacin, ya bar ɗan wasa ya karanta kumburin fuska da nauyin hannun ɗan damben. Ga al'ummar da ta san dambe, da sai a zaci irin waɗannan za su karɓu nan da nan. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, a filin dambe mutum yana tsaye kusa da jiki na gaskiya, ya kuma shekara yana koyon karatunsa, alhali a gidan gem ƙaramin allo ne a ɗaki mai cunkoso, ana hangensa daga nesa ta kan kafaɗun mutane. Ɗingishin da mai riƙe da madanni yake gani, na bayan ɗaki ba ya gani. Ɓoye ma'auni yana aiki ne in akwai abin da zai tsaya a madadinsa ga taro, kamar yadda kalangu ya tsaya. In babu, an bar ɗan wasa da ilmin da ba mai tayawa, an kuma bar mai shago ba shaida.

6. Jini, Rai da Kwana

Ga mai nazarin harshe, zaɓen kalmar da yara suka yi abin dubawa ne. Masu ƙago wasa lafiya suke kiran abin, amma yaranmu ba su ce "lafiyata ta ragu" ba. A Hausa lafiya ba a cika auna ta da mudu ba, ko dai ana lafiya ko ba a lafiya, in an matsa a ce da sauƙi. Jini kuwa abu ne da kowa ya san yana raguwa, ana kuma ƙara shi. Ana cewa mace ta zubar da jini, yaro ba shi da jini, an yi wa majinyaci ƙarin jini leda biyu. Kalmar ta zo da fi'ilanta a shirye: ya ragu, ya ƙare, an ƙara, an sha. Shi ya sa ta zauna daram, har ana kiran layin jini ko da kore ne, kamar na Mortal Kombat, ko rawaya, kamar na Street Fighter II. Rai kuma aka bar wa abin da ake ƙidayawa ɗaiɗai, kamar na Mario, a ce "saura rai biyu," maganar da in da a wajen wasa aka yi ta, da an dubi mai yin ta sau biyu.

Akwai wani abu mai zurfi a nan. Bahaushe ma yana siffanta rayuwa da abin da yake ƙarewa. In mutum ya rasu a ce kwanansa ya ƙare, in ya tsira daga haɗari a ce yana da sauran kwana, ko yana da sauran shan ruwa. Watau akwai ma'auni, sai dai a ɓoye yake, ba a sanin sa sai bayan abin ya auku. Layin jini yana ba yaro, na ɗan lokaci, abin da rayuwa ba ta ba kowa: ya ga sauran kwanansa da idonsa, ya yi dabara a kai. Mai cikakken layi yana kutsawa ba tsoro, mai rabi yana taka-tsantsan, wanda ya rage masa ɗan ƙiris kuwa ko dai ya tsuke ya kare kansa, ko ya yi ta maza ya afka. A ganinmu wani ɓangare na daɗin wasan daga nan yake. Masu ƙago Tekken sun gane haka, domin tun daga Tekken 6 na 2007, in jini ya kusa ƙarewa sai bugun mutum ya ƙara ƙarfi, a kuma nuna haka da jan haske, don kowa a ɗakin ya san da sauran rina a kaba.

7. Inda Ma'auni Yake Yaudara

Tun da mun yabi layin jini da cewa shaida ne, wajibi ne mu faɗi cewa shaidan nan ba kullum yake faɗin gaskiya ba. A 2017 wata mai ƙago wasanni, Jennifer Scheurle, ta nemi abokan sana'arta su bayyana dabarun da suke ɓoye wa 'yan wasa, a cikin abin da ya fito kuwa har da cewa a wasanni irin su Assassin's Creed da Doom, ƙarshen layin ya fi sauran sassansa jure duka. Ana yin haka ne domin mutum ya riƙa tsira da ƙyar, ya tashi yana jin shi gwani ne. A wasan mutum ɗaya wannan yaudara ce mai sauƙi, irin ta mai tatsuniya da yake jan labari inda ya ga yara sun ƙagu. Amma tana nuna mana cewa ma'aunin an zana shi ne domin ya motsa zuciya, kuma wanda ya iya motsa zuciya ya iya motsa aljihu.

Nan ne za mu komo ga Gauntlet da kwabonsa. Cinikin nan bai mutu ba, gida ya sake. Candy Crush Saga na 2012, wanda ya bazu a wayoyin manya da yara, yana ba mutum rai biyar, kowane ɗaya in ya tafi sai bayan minti talatin yake dawowa, sai fa in mutum zai saya ko ya roƙi abokai. A nan zuciyar da aka zana a saman allo ba ta ba da labarin wani jarumi, ƙofa ce da aka rufe domin a karɓi kuɗin buɗewa. Bambancinsa da gidan gem shi ne, a can yaro ya san farashi kafin ya zauna, kuma taro yana kallonsa, in ya zarce a tashe shi. A waya shi kaɗai ne. Iyaye da malamai da suke kukan yara sun nutse cikin wasa, ya kamata su koyi tambayar da ta fi "wane wasa kake yi" amfani, watau: in ranka ya ƙare a wasan nan, me ake nema a wurinka kafin a ba ka wani? In amsar ita ce ka sake gwadawa ka ƙara ƙwarewa, wasa ne. In amsar ita ce ka biya ko ka kalli talla, to, akwai mai cin riba da mutuwar yaron.

8. Kammalawa

Hukuncinmu shi ne, ba a auna kyan ma'aunin lafiya sai an san ɗakin da za a yi wasan a ciki. Ɓoyayyen ma'auni, na ɗingishi da jan allo, ya dace da mutum ɗaya mai neman tsoro da nutsuwa cikin labari, kuma a wannan fage yabon da aka yi masa ya cancanta. Ma'auni na fili ya dace da taro, da gasa, da wurin da ake bukatar shaida, kuma wannan ita ce siffar wasa a Babura da maƙwabtanta. Masu cewa layin jini tsohon yayi ne da za a bari a baya, sun auna duniya ne da ɗakinsu.

Wannan magana tana da amfani ga 'ya'yanmu masu koyon ilmin kwamfuta, irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da take Kazaure. Duk wanda a cikinsu ya yi niyyar ƙago wasan dambe, tambayar da za ta fara tare shi ita ce wannan da muka tattauna. In ya ɗora layi biyu a saman allo, ya sami shaida, amma ya mai da dambe Street Fighter mai sanye da warki, domin ya kashe fargabar kisa da bugu ɗaya, wadda ita ce ran wasan. In ya cire layin bai sa komai ba, ya kori 'yan kallo. Hanyar da muke gani ita ce ya koma fili ya dubi abin da taro yake karantawa: saukar hannun tsaro, da rawar ƙafa, a zana su manya yadda na bakin ƙofa zai hanga, sa'an nan kiɗan kalangu ya riƙa sauyawa da halin da ɗan dambe yake ciki, yadda ko wanda allo ya ɓace masa zai ji da kunnensa cewa wani yana gab da faɗuwa. Aiki ne da yake bukatar mai kwamfuta ya zauna da makaɗi da tsohon ɗan dambe, ya kuma kai abin da ya ƙera gidan gem, ya tsaya a bayan benci ya ga ko yara za su yi ihu a inda ya kamata.